Hana Yara Shafukan Sada Zumunta: Ina Iyakar Hukuma, Ina Hurumin Iyaye?

Ranar 10 ga Disamba, 2025, Ostireliya ta fara aiki da dokar da ta hana yara 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan kafofin sada zumunta. Majalisar ƙasar ta zartar da dokar ne a ƙarshen Nuwamban 2024, ƙarƙashin gwamnatin Firaminista Anthony Albanese, ta kuma ɗora nauyin a wuyan kamfanoni. Facebook da Instagram da Threads da TikTok da Snapchat da X da YouTube da Reddit da Kick da Twitch, kowanne sai ya ɗauki matakan da suka kamata don fitar da yaran da ke ciki da tare masu shigowa, in ba haka ba ya fuskanci tarar da za ta iya kai dalar Ostireliya miliyan 49.5. Ba a hukunta yaron da ya yi wayo ya shiga, ba a kuma taɓa iyayensa. An bar WhatsApp da Messenger da Google Classroom da Roblox a waje, kuma yaro yana iya kallon bidiyon YouTube muddin bai shiga da shafinsa ba. A Janairun 2026 gwamnati ta sanar cewa an rufe ko an taƙaita shafuka kimanin miliyan 4.7. Sai dai akwai abin da aka cire daga dokar da gangan, kuma a kansa ne gardama ta fi zafi: babu gurbin amincewar iyaye. Ko da uwa da uba sun zauna sun yi shawara, sun ga 'yarsu mai shekara 15 ta yi hankali, kuma da shafinta take koyon sana'a, yardarsu ba ta buɗe mata ƙofa.

Tambayoyi biyu ne suka sarƙe a nan, kuma galibin masu jayayya sukan kama ɗaya su saki ɗaya. Ta farko, wa ke da ta cewa a kan tarbiyyar yaro, iyayen da suka haife shi ko hukumar da ke mulkin ƙasarsa? Ta biyu, mene ne al'umma za ta rasa kafin ta kare yaron, tun da babu yadda za a gane ƙaramin yaro a intanet sai an tantance kowa, har da masu furfura? Ra'ayina shi ne hukuma tana da cikakkiyar hujjar shiga maganar, kuma masu cewa a bar wa iyaye komai suna raina girman abin da iyayen ke fuskanta. Amma wurin da ya dace hukuma ta tsaya shi ne tsakanin yaro da kamfanin da ke cin riba da lokacinsa. Dokar Ostireliya ta tsaya ne tsakanin yaro da iyayensa, ta kuma sa manya nuna shaida, alhali ƙirar manhajojin, wadda ita ce tushen cutar, tana nan yadda take. Kafin a kai ga wannan hukunci, adalci ne a ba kowane ɓangare haƙƙinsa.

Masu goyon bayan dokar ba a kan zato suke magana ba. A 2021, Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar da takardun cikin gida da jaridar Wall Street Journal ta wallafa. A cikinsu akwai binciken kamfanin da kansa, inda kashi 32 cikin 100 na 'yammatan da aka tambaya suka ce idan suna jin ƙyamar surar jikinsu, Instagram yana ƙara musu wannan ƙyama. A Mayun 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya yi gargaɗin cewa kusan kashi 95 cikin 100 na masu shekara 13 zuwa 17 a ƙasar suna kan waɗannan kafofi, kuma waɗanda ke wuce awa uku a kansu kullum haɗarin kamuwarsu da alamun ciwon damuwa da fargaba ya ninka na sauran. A Ingila, jami'in binciken musabbabin mutuwa ya yanke hukunci a 2022 cewa abubuwan da wata yarinya mai shekara 14 ta riƙa gani a intanet sun taka rawa a mutuwarta a 2017. A watanni shida na ƙarshen rayuwarta ta yi mu'amala da hotuna da rubuce-rubuce kimanin 2,100 a Instagram masu magana a kan baƙin ciki da illata kai da kisan kai, kuma da yawa daga abin da ta gani ba ita ta je nema ba, tsarin da ke zaɓo wa mutum abin kallo ne ya riƙa turo mata. Duk wanda zai ce hukuma ta naɗe hannu, sai ya fara amsa wa iyayen wannan yarinya.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wannan ɓangare ma ba ta likitoci ba ce, ta zamantakewa ce. Uwa ɗaya ba za ta iya hana ɗanta shiga wurin da duk 'yan ajinsu suke ba tare da ta mayar da shi saniyar ware ba. Idan ta bar shi, ta san illar. Idan ta hana shi, ta raba shi da abokai da labarin makaranta da gayyatar wasa. Kowane gida yana jiran maƙwabci ya fara. Masana tattalin arziki ƙarƙashin jagorancin Leonardo Bursztyn na Jami'ar Chicago sun gwada wannan a 2023 a kan ɗaliban jami'a. Da aka ce ɗalibi ya rufe TikTok ko Instagram ɗinsa shi kaɗai na wata guda, sai ya nemi a biya shi. Da aka ce za a rufe wa kowa gaba ɗaya, da yawansu suka ce su ne ma za su biya. Ma'ana, mutum yana iya zama a wuri don kawai kada a bar shi a baya. Irin wannan tarko ba ya kwancewa da ƙoƙarin gida ɗaya, sai da ƙa'idar da ta hau kan kowa. Ga kuma batun shekara 13 da kamfanoni suka daɗe suna rubutawa a sharuɗɗansu. Asalinsa dokar Amurka ce ta 1998 a kan tattara bayanan yara, wadda aka yi tun kafin a ƙirƙiri Facebook, kuma ba a gina ta a kan nazarin girman hankalin yaro ba. Ko ita ma ba a tsananta ta ba, domin yaro ɗan shekara 10 ƙaryar ranar haihuwa kawai yake yi ya wuce.

Haka kuma, haƙƙin iyaye bai taɓa zama marar iyaka ba, a doka ko a al'ada. Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne, kuma ƙasashe da dama sun mayar da wannan magana doka: uba ba shi da ikon bai wa ɗan shekara 12 izinin tuƙa mota a titi, ko sa shi aikin haƙar ma'adinai, ko cewa mai shago ya sayar masa da taba. Kotun Ƙolin Amurka, wadda a 1923 da 1925 ta tabbatar wa iyaye ikon zaɓa wa 'ya'yansu irin karatun da za su yi, ita ce kuma a 1944 ta ce wannan iko bai hana jiha kare yaro daga aikin da zai cutar da shi ba. Gwamnatin Ostireliya ma cewa take yi ta yi dokar ne don iyaye, domin yanzu uwa tana iya ce wa ɗanta doka ce ta hana, rigimar cikin gida ta ƙare. Jama'a kuma sun karɓa: ƙuri'ar jin ra'ayi da YouGov ta gudanar a Nuwamban 2024 ta nuna kashi 77 cikin 100 na 'yan ƙasar suna goyon baya. Duk mai sukar dokar da sunan iyaye dole ya yarda cewa mafi yawan jama'ar ƙasar, har da iyaye, sun goyi bayanta.

To, amma kafin a hana mutane miliyoyi abu, sai an tabbatar da girman cutarsa, kuma a nan masana ba su haɗu ba. A 2019 Amy Orben da Andrew Przybylski, a lokacin suna Jami'ar Oxford, sun yi nazarin bayanan matasa fiye da 350,000 a Amurka da Birtaniya, suka gano cewa amfani da na'urori bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin 100 na bambancin walwalar matasan ba. A Disamban 2023 kwamitin cibiyoyin kimiyya na ƙasa na Amurka ya ce binciken da ake da shi bai kai a yanke cewa kafofin ne ke lalata lafiyar matasa baki ɗaya ba. Da Jonathan Haidt ya fitar da littafinsa The Anxious Generation a 2024, littafin da ya yi tasiri sosai a kan 'yan siyasar Ostireliya, Candice Odgers ta mayar masa da martani a mujallar Nature cewa abubuwa biyu su tashi tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya, domin mai yiwuwa yaron da ke cikin damuwa ne yake gudu zuwa waya. Wannan bai wanke kamfanoni ba. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya bi sawun yadda Facebook ya shiga jami'o'in Amurka ɗaya bayan ɗaya tsakanin 2004 da 2006, ya kuma ga lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibai ta ja baya a inda ya shiga. Abin da za a fahimta daga duka biyun shi ne cutar gaskiya ce, amma ba ta rabu daidai ba. Tana yi wa wasu yara mummunar illa, tana barin wasu lafiya ƙalau, wasu ma amfana suke yi. Orben da abokan aikinta sun nuna a 2022 cewa lokacin rauni ya bambanta, 'yammata tsakanin shekara 11 da 13, samari tsakanin 14 da 15. Idan cuta ta bambanta daga yaro zuwa yaro, wanda ya san yaron ya fi cancantar a saurare shi, kuma majalisa ba ta san yaron kowa ba.

A nan ne cire iyaye daga dokar ya zama kuskure. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989, wadda Ostireliya ta rattaba wa hannu, ta ce a sashe na 18 iyaye ne ke da nauyin farko na renon yaro, a sashe na 5 kuma ta ce a mutunta ikonsu na yi masa jagora gwargwadon yadda hankalinsa ke ƙaruwa. Ɗan shekara 15 da ɗan shekara 9 ba ɗaya suke ba, amma dokar ta zuba su a ma'auni guda. Marigayi Mai Shari'a Antonin Scalia ya bambance wannan a 2011, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar California kan sayar wa yara wasannin bidiyo na tashin hankali: akwai bambanci tsakanin dokar da ke taimaka wa iyaye su zartar da abin da suke so, da dokar da ke zartar da abin da hukuma ke ganin ya kamata su so. Kuma akwai wata hanya a gaban Ostireliya, ba a rasa ba. Jihar Ostireliya ta Kudu, inda maganar ta faro, ta sa tsohon Babban Jojin ƙasar Robert French ya tsara mata daftari a 2024 a kan hana 'yan ƙasa da 14, da neman izinin iyaye ga masu 14 da 15. Jihar Florida ta yi doka mai irin wannan tsari a Maris ɗin 2024, Faransa ta kafa shekara 15 da izinin iyaye a dokarta ta 2023, Denmark kuma a Nuwamban 2025 ta sanar da shirin shekara 15 tare da bai wa iyaye damar buɗewa daga 13. Majalisar Ostireliya ta tsallake wannan duka cikin gaggawa. Kwana ɗaya tak aka bai wa jama'a su miƙa ra'ayinsu ga kwamitin Majalisar Dattawa, duk da haka takardu kusan 15,000 suka shigo, kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar da masana fiye da 140 sun nuna damuwa. Waɗanda suka fi asara su ne waɗanda muryarsu ba ta da ƙarfi: yaron da ke gona mai nisan ɗaruruwan kilomita daga gari, da kurman da ya sami 'yan'uwansa masu yaren hannu a bidiyo, da 'yar baƙin haure da ke bin labarin danginta a wata nahiya.

Batun sirri ya fi wannan faɗi, domin ya shafi kowa. Kamfani ba zai san wane ne ɗan 15 ba sai ya san wane ne ɗan 35. Hanyoyin da ake bi uku ne: a nuna katin shaida ko a bi ta banki, a ɗauki hoton fuska na'ura ta ƙiyasta shekaru, ko kamfani ya yi hasashe daga abin da mutum ke kallo da waɗanda yake hulɗa da su. Kowace tana da tsadarta. Ta farko tana tara takardun mutane, ta biyu tana auna fuskokinsu, ta ukun kuma tana halatta wa kamfani sa idon da tun farko ake kuka da shi. Adalci ne a faɗi cewa masu dokar sun yi tanadi: an hana kamfani tilasta katin gwamnati a matsayin hanya ɗaya tilo, an kuma wajabta masa goge bayanan da ya karɓa bayan ya gama tantancewa. Sai dai gwajin da gwamnatin ta sa aka yi, wanda rahotonsa ya fito a 2025, ko da yake ya ce tantancewar mai yiwuwa ce, ya nuna na'urar ƙiyasi ta fi yin kuskure daidai kusa da shekarun da ake son rabewa, kuma kuskuren ya fi yawa a kan waɗanda ba farar fata ba. Ya kuma gano wasu kamfanonin tantancewa suna ajiye bayanai fiye da buƙata, don tsammanin wata rana hukuma za ta tambaya. Abin da aka ajiye kuwa ana iya sace shi. 'Yan Ostireliya ba su manta da 2022 ba, lokacin da masu kutse suka kwashe bayanan mutane kusan miliyan 10 daga kamfanin sadarwa na Optus, da wasu miliyan 9.7 daga kamfanin inshorar lafiya na Medibank. A Oktoban 2025 kamfanin Discord ya sanar cewa hotunan katin shaida na mutane kimanin 70,000 sun fallasa ta hannun wani kamfanin da ke yi masa aiki, kuma irin katunan da ake karɓa ne don warware ƙorafin shekaru.

Koriya ta Kudu ta riga kowa ɗanɗana wannan. A 2007 ta wajabta wa manyan shafuka tantance ainihin sunan mai rubutu, da niyyar rage cin mutunci. A 2011 aka yi kutse a shafukan Nate da Cyworld aka sace bayanan mutane miliyan 35, a 2012 kuma kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke dokar, tana mai cewa ta tauye 'yancin magana ba tare da ta nuna amfanin da ya kai wannan asara ba. Darasin ya wuce na ɓarayi. Na'urar da ke haɗa kowane shafi da shaidar mai shi ba ta sanin dalilin da aka ƙera ta. Yau don yara, gobe tana hannun wanda ke neman ɗan jarida ko mai fallasa almundahana. Ostireliya tana da kotuna masu ƙarfi da za su iya taka wa gwamnati birki, amma ba ita kaɗai za ta yi amfani da wannan salo ba, tun da Malesiya ta riga ta sanar da irin nata shirin, wasu ƙasashe kuma suna kan hanya. Mai karatu a Nijeriya, inda aka haɗa kowane layin waya da lambar NIN, aka kuma rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, daga baya kuma kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa wa doka, ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya ga inda irin wannan hanya za ta iya ɓullewa.

Ko da an kau da kai daga haƙƙi da sirri, saura tambayar ko dokar za ta yi aiki. Da Birtaniya ta fara tilasta tantance shekaru a wasu shafuka a ƙarshen Yulin 2025, manhajojin VPN masu ɓoye inda mutum yake suka haye saman jerin abin da ake saukewa cikin kwanaki. Koriya ta Kudu ta hana 'yan ƙasa da 16 wasannin intanet daga ƙarfe 12 na dare zuwa 6 na safe tun 2011, yara suka koma shiga da lambobin iyayensu, a 2021 aka yanke shawarar soke dokar aka bar tsarin da iyaye ke zaɓar lokutan da kansu. Masu goyon baya za su ce babu dokar da ba a karyawa, kuma haramcin sayar wa yara taba ya rage sha ko da bai kashe shi ba. Gaskiya ne. Amma yaron da ya shiga da ƙaryar shekaru, kamfani yana ɗaukarsa babba, ya rasa kariyar da ake yi wa shafukan yara, kuma idan wani ya tsorata shi zai ji nauyin gaya wa iyayensa, tun da ya shiga inda aka hana shi. Wanda bai shiga ba kuma, ranar da ya cika 16 zai faɗa cikin manhajar da ba a sauya mata komai ba. Wani matashi na jihar Michigan da ya kashe kansa a 2022, bayan wasu 'yan'uwa biyu daga Legas sun yaudare shi a Instagram suka karɓi hotonsa na tsiraici suna yi masa barazana, shekararsa 17. An ɗaure su shekara 17 da rabi kowanne a 2024, kamfanin Meta mai Instagram kuma ya rufe shafuka kimanin 63,000 a Nijeriya masu irin wannan damfara. Dokar shekara 16 ba za ta cece shi ba. Abin da zai iya cetonsa shi ne tsarin da ba ya barin baƙo ya aika wa matashi saƙo kai tsaye. Idan aka kori yara aka bar ƙirar, an bar jaki ana dukan taiki.

Saboda haka aikin hukuma na farko shi ne ta tilasta gyaran ƙira. Akwai misalai da suka riga suka yi aiki. Ƙa'idar kare yara da Birtaniya ta fara tilastawa a Satumban 2021 ta wajabta cewa shafin yaro ya zo a rufe tun daga farko, a kashe bin sawun wurin da yake, a kuma daina dabarun jan shi ya saki bayanansa. Dab da fara aikinta, YouTube ya kashe kunna bidiyo kai tsaye ga 'yan ƙasa da 18, TikTok ya daina aika wa ƙananan matasa sanarwa da dare, Instagram ya hana manya aika saƙo ga yaran da ba sa bin su. Dokar Tarayyar Turai kan ayyukan intanet ta haramta tallar da ake auna wa yaro bisa bayanansa. Waɗannan matakai suna taɓa aljihun kamfani a inda yake ciwo, wato tsawon lokacin da yake riƙe yaro. Gwamnatin Ostireliya da kanta ta yi alkawari a Nuwamban 2024 cewa za ta ɗora wa kamfanoni wajibin kula da lafiyar masu amfani da su, amma haramcin ya fara aiki kafin wannan ya zama doka. Aiki na biyu shi ne a kafa iyaka mai tsauri a ƙasa, inda hujja ta fi ƙarfi, kamar shekara 14, sannan tsakanin 14 da 16 ƙofa ta kasance a rufe sai iyaye sun buɗe, kuma abin da za su buɗe shafi ne marar gungurawa ba iyaka, marar talla, marar saƙon baƙi. Na uku, tantance shekaru ya kasance ta hanyar da kamfani zai ji e ko a'a kawai, ba tare da ya ga suna ko fuska ba, kamar yadda Tarayyar Turai ta fara gwadawa a 2025.

Wannan shawara ma tana da masu suka, kuma sukarsu tana da nauyi. Za su ce da zarar an buɗe wa iyaye ƙofa, tarkon nan ya dawo, domin yaro zai ce an buɗe wa wane. Za su ce wasu iyayen ba su damu ba, wasu ba su iya karatu ba, wasu ma su ne matsalar yaron. Za su ƙara da cewa tabbatar da wane ne mahaifin wane yana buƙatar bayanai fiye da tantance shekaru. Amsar ta farko ita ce matsin zai dawo, amma ba da ƙarfinsa na da ba, domin akwai bambanci tsakanin uwar da za ta ƙwace abin da ke hannun ɗanta da uwar da ake roƙo ta bayar, kuma abin da ake roƙon an riga an rage masa dafi. Amsar ta biyu ita ce yaron da iyayensa suka yi sakaci shi ne ainihin wanda gyaran ƙira ke karewa, domin kariyar tana cikin manhajar, ba ta jiran kulawar kowa. Sakacin wasu iyaye dalili ne na a ƙarfafa kariya, bai zama dalilin ƙwace ra'ayin dukkan iyaye ba. Ta ukun ita ce mafi wuya, kuma babu hanyar da ba ta da tsada; sai dai ana iya rage ta idan aka ajiye izinin a kan wayar da iyali suka riga suka saita, maimakon kowace manhaja ta tara nata kundin.

Dokar ta tanadi a sake duba ta cikin shekara biyu da fara aikinta, kuma an riga an ƙalubalance ta a kotun ƙolin ƙasar, inda wata ƙungiya tare da matasa biyu masu shekara 15, sannan kamfanin Reddit, suka ce ta tauye 'yancin tattauna siyasa. Idan lokacin bita ya zo, yawan shafukan da aka rufe ba shi ne ma'auni ba, domin rufe shafi ba ya nuna inda mai shi ya koma. Abin da za a tambaya shi ne ko yara sun ƙara samun barci, ko masu zuwa asibiti da raunin da suka yi wa kansu sun ragu, ko ƙorafin cin zarafi ya ragu ne ko ya ƙaura zuwa wuraren da ba a gani, da kuma bayanan manya nawa aka tara, nawa suka zube. Ƙasashen da ke shirin kwaikwayo ba su da abin da za su rasa idan suka jira waɗannan amsoshi, suka kuma fara yanzu da abin da ba ya buƙatar katin kowa ko ture iyayen kowa, wato tilasta wa kamfanoni su gyara abin da suka ƙera.